A Gyara Mana Hanyar Sassarfa Daga Dutsen Dala Zuwa Gidan Makama

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani wuri da kowane Bakano ya san sunansa, har muna sa shi a kirarin garinmu idan muka ce ta Dabo mai Dala da Gwauron Dutse, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa sa ƙafa a kansa. Ni tsohon malamin makarantar sakandare ne, tarihi na koyar har na yi ritaya, kuma a Gwammaja nake zaune, inda mutum ba ya buƙatar a nuna masa Dutsen Dala da yatsa.

Shekara uku ke nan da likita ya auna ni ya ce jinina ya hau. Ya rubuta mini magani, sannan ya ja kunnena cewa magani kaɗai ba zai wadatar ba sai na rage gishiri, na kuma riƙa motsa jiki a kai a kai. Ya gaya mini abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba manya shawara a kai, wato aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, ko minti 75 idan mai tsanani ne. Da na dawo gida sai na tarar da tambayar da ke gaban duk mazaunin cikin birni da aka ba irin wannan shawara: a ina zan yi? Filin Sukuwa da mutane ke zuwa gudu yana can Nasarawa, kuma dattijon da ke rayuwa da kuɗin fansho ba zai iya biyan A Daidaita Sahu zuwa da dawowa kowace safiya ba. Manyan titunanmu kuwa, da zarar gari ya waye sun cika da hayaƙi da ababen hawa, gefen da aka tanada don masu tafiya a ƙasa kuma masu tebur sun riga kowa. A cikin wannan hali ne wata rana, bayan an idar da sallar Asuba, na nufi gindin Dala na fara hawa, kuma tun daga ranar ban cika yin fashi ba sai in ruwan sama ko rashin lafiya ya hana ni.

Abin da na fara ganewa shi ne dutsen ba shi da wahalar da ake zato. Ana rubuta tsayinsa mita 534, amma wannan awo daga matakin teku ne, kuma birnin Kano kansa a kan tudu yake, saboda haka abin da mai hawa zai haura daga gindi zuwa sama bai kai ko mita 100 ba. Akwai matattakala da aka gina, kuma mai matsakaicin ƙarfi zai kai sama cikin 'yan mintoci, ko da ya tsaya sau ɗaya ko sau biyu ya mayar da numfashi. A makon farko sau uku nake tsayawa. Yanzu nakan hau da sassarfa, in zagaya saman dutsen, wanda shimfiɗaɗɗe ne, in sauko, sannan in kama hanyar cikin gari har Gidan Makama kafin kasuwa ta buɗe. Na ga 'yan ƙwallo matasa suna hawa da sauka sau biyar ko shida don ƙarfafa ƙafa, na kuma ga dattijo da sandarsa yana hawa a hankali yana jan carbi. Wurin yana ɗaukar kowa gwargwadon ƙarfinsa, kuma ba a biyan kuɗin wata kamar ɗakunan motsa jiki na zamani.

Wanda ya kai sama da sanyin safiya, musamman bayan damina ta wanke ƙura, zai ga Kano a shimfiɗe a gabansa: Gwauron Dutse ta yamma, hasumiyoyin Babban Masallacin Juma'a da ginin Gidan Rumfa, wato fadar Sarkin Kano, ta kudu maso gabas, da cunkoson rufin Kasuwar Kurmi a tsakani. A nan ne Bajamushen nan mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, ya tsaya a shekarar 1851 ya zana birnin, kuma zanen nasa yana nan har yau ana buga shi a littattafan tarihi. Duk lokacin da na tsaya a wurin nakan tuna shekarun da na yi ina zana taswirar tsohon birni da alli a kan allo, yara suna kwafa ba tare da sun gane inda aka dosa ba, alhali da na kawo su nan da minti goma ya isa su fahimci abin da na kwashe zango guda ina bayani. Gani ya kori ji, kuma wannan kuskure ne da nake fata malamai masu tasowa ba za su maimaita ba.

Dalilin da ya sa mutane suka fara zama a nan yana ƙarƙashin ƙafar mai gudu. Jar marmarar da ke jikin dutsen tana ɗauke da tama, kuma masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narkar da ƙarfe a yankin tun wajen ƙarni na 7. Kundin tarihin sarakunan Kano ya kawo cewa wani mutum mai suna Dala ne ya gina gidansa a kan dutsen, kuma daga zuriyarsa aka sami Barbushe, shugaban masu bautar Tsumburbura, wanda ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara, lokacin da jama'a ke taruwa a gindin dutsen da baƙaƙen awaki da baƙaƙen kaji da baƙaƙen karnuka don yanka. Shi wannan kundi ya sa zuwan Bagauda a shekarar 999, ya kuma ce a zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134, aka fara gina ganuwa. Ashe ke nan mai hawa Dala a kan tushen garin yake tsaye.

A nan ne wani maƙwabcina, mutumin kirki mai kishin addini, ya tare ni wata safiya ya ce: "Malam, kai da ka san abin da aka yi a kan dutsen nan, me ya kai ka hawa shi kullum?" Na ɗauki tambayarsa da muhimmanci, domin na san da yawa suna da ita a zuci, kuma na san akwai masu raɗe-raɗin aljanu da ke hana 'ya'yansu kusantar wurin. Na ce masa ya biyo ni rana ɗaya mu sauko tare mu bi hanyar da nake bi, ya ga inda take kai mutum. Daga gindin dutsen, idan ka nufi cikin gari, za ka ratsa ta wajen Madabo, tsohuwar unguwar malamai da ake dangantawa da Wangarawan da suka zo daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kuma a hannunsu sarautar Kano ta karɓi Musulunci. Daga nan sai Jakara, inda kurmin da masu tsafi ke girmamawa yake a da, sai Kasuwar Kurmi da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a mulkinsa na 1463 zuwa 1499. A zamanin Rumfa ne Shehu Magili ya zo Kano, ya rubuta wa sarkin nasiha a kan yadda ake mulki bisa shari'a, kuma kundin tarihin ya ce a lokacin ne aka sare itaciyar da ake bauta wa, aka gina hasumiya a gurbinta. Unguwar Sharifai, wadda ake danganta asalinta da zuriyar shehin, tana nan har gobe. Idan ka ƙara gaba sai ka fito Babban Masallacin Juma'a, wanda aka yi gininsa na yanzu a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ka zagaya katangar Gidan Rumfa zuwa Ƙofar Kudu, ka tsaya a Gidan Makama, wanda ya zama gidan adana kayan tarihi. Mutum ya tashi daga inda aka yi wa gunki yanka, cikin abin da bai kai sa'a ɗaya ba ya iso inda dubban mutane ke yi wa Allah sujada kowace Juma'a, kuma da ƙafarsa ya taka shekaru ɗaruruwan da aka yi kafin a kai ga haka. Ban san wani wa'azi a kan ni'imar shiriya da ya taɓa shiga raina kamar wannan tafiya ba.

Allah Maɗaukakin Sarki ya umarce mu a cikin Suratur Rum da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hau Dutsen Uhudu tare da Abubakar da Umar da Usman, ya kuma yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya ƙara musu yarda. Ita kanta kalmar sassarfa, yawancinmu a bakin malaman bita na aikin Hajji muka fi jin ta, inda suke koya wa maza su yi sassarfa tsakanin korayen fitilu biyu a Safa da Marwa. Ba ina kwatanta Dala da waɗancan wurare masu alfarma ba ne, Allah ya kiyaye, domin babu wata lada ta musamman a hawa shi, babu kuma wata albarka da ake nema a jikin dutsen. Abin da nake cewa shi ne hawan dutse don lafiyar jiki da ɗaukar darasi ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Mutanen Kano ma sun saba da hawa Dala a ranar Takutaha, mako guda bayan Maulidi, lokacin da yara da manya ke cika shi maƙil. Abin takaicin shi ne rana ɗaya ce a shekara, sauran ranakun kuwa sai a bar shi ga wanda ya ga dama.

Wanda ya ga damar kuwa ba kullum mutumin kirki ba ne, kuma a nan ne kukana yake. Idan ka hau da sassafe za ka tarar da kwalaben maganin tari da guntayen abin da aka sha da daddare. Ledoji sun maƙale a kowace kafa ta dutsen, wasu sassan gindinsa sun zama juji, wasu kuma sun zama makewayi, har mai gudu ya riƙe numfashinsa a daidai wurin da ya fi buƙatar iska. Ruwan sama yana cin marmarar kowace damina yana tona kwazazzabai, gidaje kuma sun matso har jikin dutsen, ta yadda zaizayar ta zama barazana ga masu kwana a ƙarƙashinsa. Wata safiya a cikin hunturu, hazo ya rufe gari, wasu samari biyu suka tsare ni a kan matattakala suka ce in kawo waya. Da ba na fita da ita, sai suka laluba aljihuna suka ƙyale ni. Na dawo gida jikina yana rawa, iyalina suka ce in daina, na yi mako biyu ban fita ba. Abin da ya mayar da ni shi ne wasu abokai uku da suka yarda mu riƙa tafiya tare, kuma tun da muka zama huɗu, daga baya muka zama tara, babu wanda ya sake tare mu. Na lura cewa duk safiyar da muka yi yawa, masu kwana a saman dutsen sukan tattara su sauka tun kafin mu iso. Wurin da ƙafar mutanen kirki ke yawan takawa, ɓata-gari ba sa iya mayar da shi gida, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa nake ganin hanyar sassarfa za ta tsare Dala fiye da yadda katanga da kwaɗo za su tsare shi.

A shekarar 2007 aka sa ganuwar Kano da wuraren da ke haɗe da ita, ciki har da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, a jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. A ƙarshen 2024 kuma hukumar ta sa hawan sallar Kano a cikin al'adun da duniya ke alfahari da su. Baƙon da ya zo kallon hawa zai nemi ya ga dutsen da garin ya samo asali, kuma bai dace ya tarar da abin da nake tararwa ba.

Saboda haka nake miƙa roƙona ga Gwamnatin Jihar Kano, da Ƙaramar Hukumar Dala, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, da hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi, da kuma Masarautar Kano. Abin da ake buƙata ba katafaren aiki ba ne. A gyara matattakalar inda ta farfashe, a sa mata ƙarfen dafawa mai ƙwari daga ƙasa har sama, a yi 'yan wuraren zama na siminti a tsakani domin wanda numfashinsa ya ɗauke ya huta ba tare da ya tare wa na bayansa hanya ba. A sa fitilu masu aiki da hasken rana, tunda lokacin da ya fi dacewa da motsa jiki a Kano shi ne tsakanin Asuba da fitowar rana, musamman a bazara da zafi ke wuce maki 40. A gina banɗaki a gindin dutsen, a ba wani amanar kula da shi, domin hana mutane ɓata wuri ba tare da an ba su madadi ba aikin banza ne.

Akwai waɗanda matattakala ba za ta taɓa yi musu amfani ba, kuma su ne na fi so a tuna da su. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan kusa, kuma kullum muna ganin masu sandar dogarawa da masu keken guragu a unguwannin da ke kewaye. Idan aka share hanya mai faɗi, shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba rami, a inda fili ya rage a gindin dutsen, to mai keken guragu da wanda ya tashi daga jinyar karaya da tsohuwar da gwiwa ke damu duk za su sami rabonsu, ko da ba su kai sama ba. Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata su ma hawan jini da ciwon suga ba su ƙyale su ba, kuma su ne suka fi rashin wurin fita. Matata ta sha tambayata yaushe za ta iya zuwa, ni kuwa ban iya ce mata ta zo ba a halin da wurin yake ciki. Da za a ware wasu safiyoyi biyu a mako don mata zalla, da mata masu tsaro a bakin hanya, na tabbata za a sha mamakin yawan da za su fito da hijabansu.

Sai kuma hanyar cikin gari, wadda ita ce ta fi ba ni sha'awa a matsayina na malamin tarihi. Ba sai an rushe gidan kowa ba, domin lungunan suna nan tun kaka da kakanni. Abin da ake so shi ne a yi wa hanyar alama da fenti ko ƙananan alluna, a rufe kwatocin da ke buɗe a kanta, sannan a kowane muhimmin wuri a kafa allo da gajeren bayani da Hausar boko da ajami da Turanci: wane ne ya kafa wurin, a wace shekara, me ya faru a nan. Ina jaddada ajami saboda almajirai da dattawan da ba su yi boko ba su ne suka fi yawa a waɗannan lunguna, kuma tarihin nasu ne. A bar rubuta bayanin a hannun masana na Jami'ar Bayero da na Gidan Makama tare da dattawan unguwanni, don kada a kafa ƙarya a bainar jama'a. Daga baya ana iya miƙa reshe ɗaya zuwa Gidan Mambayya, inda Malam Aminu Kano ya zauna kuma aka binne shi a 1983, wani reshen kuma ya bi ta Gwauron Dutse zuwa Ƙofar Kabuga, wadda ta nan sojojin Turawa suka shiga birnin a 1903.

Mu masu gudun ma akwai abin da ya hau kanmu, kuma ina faɗin haka ne musamman ga matasa. Wannan hanya tana ratsa ƙofar gidajen mutane da masallatai da makarantun allo, saboda haka gajeren wandon da ya dace da filin ƙwallo bai dace da ita ba. Idan ka iso inda ake karatu ko inda dattawa ke lazimi, ka sassauta, ka yi sallama, ka wuce a natse. Kada a kunna kiɗa a waya a bakin masallaci, kada a ɗauki hoton mutane a ƙofar gidansu ba da izininsu ba. Mu tara ɗin nan da muke fita mun ɗaukar wa kanmu al'adar zuwa da buhu ɗaya kowace Asabar, kowa ya tsinci abin da ya iya a kan matattakala kafin mu sauko, kuma mai unguwa ya sa mana albarka. Ga 'yan'uwana dattawa kuma, kada wanda ke da hawan jini ko ciwon zuciya ya fara hawa sai ya ga likitansa, ya fara da tafiya a ƙasa tukuna, kuma duk wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ko jiri ya kama shi ya tsaya nan take, kada kunyar na bayansa ta sa ya ci gaba.

A cikin duk abin da na roƙa, wanda ba zai iya jira ba shi ne na ruwa. Fitila da allo za a iya kawo su baɗi, amma kowace damina da ta wuce ba a yi wa dutsen magudanan ruwa ba, tana tafiya da wani yanki nasa zuwa Jakara, kuma abin da ruwa ya ɗauka daga jikin Dala ba a mayar da shi. Ina roƙon a turo injiniyoyi su duba kwazazzaban tun da rani, mu kuma masu hawa kullum a shirye muke mu nuna musu inda ɓarnar ta fi tsanani, duk safiyar da suka zaɓa bayan sallar Asuba.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin tarihi,
Gwammaja, Kano.